Tambayoyinku: Amfanin Jagora Ga Mai Aikin Sauyin Yanayi

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan magana guda: mutum ya shiga aikin kare muhalli da zafinsa, ya rasa gogaggen da zai nuna masa hanya. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matasa ta dasa itatuwa 500 bara, yanzu waɗanda suka rayu ba su kai 100 ba. An ce mu nemi jagora. Me zai faɗa mana wanda babu shi a intanet?

Amsa: Ɗan'uwa, intanet tana amsa abin da ka tambaye ta ne kawai, ku kuwa ba ku san tambayar da ta kamata ba tukuna. Wanda ya daɗe a harkar, da ya taka filinku zai fara da tone itace guda da ya mutu ya dubi saiwarsa. Idan ta nannaɗe kamar gammo, dashen ya daɗe a leda a wurin reno, ko kuma an binne shi da ledar. Idan ganyen ya ƙone cikin makon farko, ba a horar da shi ba, wato ba a rage masa ruwa da inuwa sannu a hankali makonni biyu zuwa huɗu kafin a fitar da shi ba. Zai tambaye ku watan da kuka yi dashen. Lokacinsa shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙa, amma ƙungiyoyi da yawa ranar biki suke bi, ranar da manyan baƙi za su samu zuwa. Zai auna ramin, wanda ga ƙaramin dashe bai kamata ya gaza santimita 30 zuwa 40 a zurfi da faɗi ba. Daga nan sai ya zo kan abin da ya fi kashe dashe: wa ke da filin, wa ke ban ruwa da rani, wa ya kange shi daga dabbobi?

Dalilin da ya sa muke matsa wa matasa su nemi jagora shi ne aikin nan ba ya nuna kuskure da wuri. Tela in ya ɓata ɗinki, a ranar zai gani. Mai dashe sai rani ya wuce zai san ya yi kuskure, kuma gyaran sai wata daminar. Kuskure uku, shekara uku ke nan, mutanen da suka ba ku goyon baya kuma sun gaji.

Wani lokaci ma jagora zai ce muku dashen ba shi ne mafita ba. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya sha fama da dashen da ke mutuwa a yankin Maraɗi na Nijar, har a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirrai da ke gonaki kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. Sai aka koma zaɓar rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture a sassabe sauran. Dabarar ta bazu ne daga manomi zuwa manomi, wanda ya iya ya nuna wa maƙwabcinsa a gona, har ta kai kimanin hekta miliyan 5.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ban san kowa ba. Yaya zan tunkari babban mutum in ce ya zama jagorana?

Amsa: Malama, kada ki fara da wannan kalmar. "Ka zama jagorana" nauyi ne marar iyaka, mai aiki da yawa zai yi shiru. Ki fara tantance aikin da kike yi, domin mai gandun daji ba zai gyara miki lissafin batirin sola ba, injiniyan sola kuma ba zai koya miki tunkarar 'yan majalisa ba. Ki duba malaman jami'arki, malaman gona, jami'an gandun daji, da waɗanda suka taɓa tafiyar da ƙungiya har aikinta ya ƙare lafiya. Wanda ya girme ki a aikin da shekara biyar sau da yawa ya fi mai babban suna amfani, saboda bai manta da matsalolin farawa ba, kuma yana ɗaukar waya.

Ki rubuta saƙo gajere: ke wace ce, me kika riga kika yi, da tambaya guda takamaimiya. Ki nemi minti 20. Idan zaman ya yi daɗi, ki aiwatar da shawarar, ki koma bayan makonni ki faɗi abin da ya faru. Wannan komawar ita ce ke gina alaƙa, kuma a nan yawancin matasa ke faɗuwa. Sai a lokacin za ki nemi tsari: zama ɗaya a wata, minti 45, na wata shida. Ki aika abin da za a tattauna kwana biyu kafin zaman, ki rubuta abin da aka tsayar, ki zo da shi zama na gaba.

Tambaya: Sau uku muna neman tallafin kuɗi ana ƙin ba mu, ba a kuma faɗa mana dalili. Jagora zai iya sama mana kuɗi?

Amsa: Kada ku sa rai a kan haka, kuma wanda ya yi muku alkawarin kuɗi ku yi taka-tsantsan da shi. Abin da zai yi muku shi ne ya karanta takardarku da idon mai tantancewa. Masu ba da tallafi, irin su shirin ƙananan tallafi da asusun kare muhalli na duniya, GEF, ya kafa a 1992, suna raba aikin yanayi gida biyu kamar yadda Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta yi: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da taimaka wa mutane su jure sauyin da ya riga ya zo. Takardar da ta cakuɗa biyun ba tare da ta faɗi wanda take nufi ba tana da rauni tun daga shafin farko.

Sai ma'auni. "Za mu wayar da kan jama'a" ba a auna shi. "Gidaje 200 za su koma murhu mai tsimin itace, mun auna itacen da gidaje 20 ke ƙonawa a mako kafin mu fara, za mu sake aunawa bayan wata shida" ana auna shi. Akwai kuma kuskuren lissafi da muke yawan gani: ɗaukar sinadarin kabon da iskar kabon dayoksaid, wadda ke ɗumama duniya, a matsayin abu ɗaya. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma sai an ninka nauyin kabon da 3.67 ake samun nauyin iskar. Mai tantancewa da ya ga an rikita wannan zai daina yarda da sauran alƙaluman. Jagora zai kama shi cikin minti biyar. Zai kuma tambaye ku inda kuka sa kuɗin kula da aikin bayan ranar ƙaddamarwa, da rajistar ƙungiya, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Ku kai masa takardar saura makonni uku a rufe karɓa, don a samu lokacin gyara.

Tambaya: Na yi shekara 25 ina aikin ruwa da ƙasa, na yi ritaya. Matasa na zuwa wurina, amma ina tsoron kada in ɓata su. Me zan kiyaye?

Amsa: Ranka ya daɗe, wannan tsoron alama ce mai kyau. Abu na farko, jagora daban, ubangida daban. Yaron da ya zo koyo ba ɗan aike ba ne. Idan ya yi aiki a kan takardarka, sunansa ya fito, idan aikin na kuɗi ne a biya shi. Mun ga alaƙa da yawa ta lalace a kan wannan, kuma matashin da aka ci guminsa sau ɗaya yakan bar harkar gaba ɗaya, abin da ke da ciwo ƙwarai.

Kada ka ɗauki fiye da mutum uku a lokaci guda. Ka fi yawan tambaya a kan ba da umarni: ya kawo shirinsa, ka tambaye shi me zai yi in ruwa ya makara da wata ɗaya, ka bar shi ya nemo amsar. Ka kai shi fili, domin awa ɗaya a bakin zaizayar ƙasa ta fi zama uku a ofis. Ka faɗa masa ayyukanka da suka rushe da dalilin rushewarsu, waɗannan ba ya samun su a rahoto. Ka kuma yarda cewa lokutan ruwa da zafin da ka saba da su sun motsa, don haka ka sa shi ya kawo bayanan ruwan sama na shekarun nan ku duba tare. Shi ma zai nuna maka yadda ake bin filin dashe da hoton tauraron ɗan'adam a waya.

Zama da ɗalibai, musamman mata, a yi shi a wuri na fili da rana, ko a haɗa su biyu ko uku. Ka lura da gajiya: wanda ya fara fashin zama, ko ya fara cewa aikin ba shi da amfani, a rage masa kaya a ba shi ƙaramin aiki guda da zai ga ƙarshensa cikin wata uku. Idan wata shida suka cika, ku zauna ku duba abin da aka cim ma. Ko a ƙara wa'adi, ko ka miƙa shi ga wani abokin aikinka da ya fi ka sanin matakin da ya kai, ka kira mutumin da kanka ka gabatar da shi.