Ɗan farina ya yi shiru, ga makaranta ta kusa komawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana mai shekara 12 ya ci CEP, wato jarrabawar gama firamare, da jarrabawar shiga lise, wato makarantar sakandare, zai fara ajin 6e, ajin farko na sakandare, a watan Satumba. Tun da aka ɗinko masa kayan makaranta ya daina walwala. Jiya na ji yana gaya wa ƙanwarsa gara ya bi kawunsa kasuwa. Babansa ya ce a ƙyale shi, ranar komawa zai tafi ko yana so ko ba ya so. Ni kuma ɗan farina ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in zauna hira da shi. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Garwa, Kamaru

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Yaron nan tsoro yake ji, kuma yana da dalili. Shekara shida, daga SIL zuwa CM2, wato ajin farko zuwa na ƙarshe a firamare, malami ɗaya ke riƙe da ajinsa duk shekara, ya san sunansa, ya san halinsa. A lise kowane darasi da malaminsa, wannan ya fita wancan ya shigo, ba mai jiran wanda bai gama kwafa ba. Bara shi ne babba a makarantarsu, bana zai zama ƙarami a cikin samarin da ke shirin Bakaloriya, jarrabawar gama sakandare. Ga Faransanci, wanda yaranmu ba sa ji a gida: Hausa a tsakar gida, Fulatanci a unguwa, Larabci a makarantar allo. Na koyar a Marwa, na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun yi gum a aji don kada a yi musu dariya.

Alkunyar ɗan fari ɗabi'a ce mai kyau, ban ce ki yar da ita ba. Ai ba sai kin zaunar da shi kuna kallon juna ba. In kika yi haka ma "ba komai" zai ce. Ki ce ya raka ki sayen littattafan rubutu, ku bi ta ƙofar lisen, ya ga nisan hanya da inda zai tsallaka titi. Kuna tafe ki ce, "Cikin abokanka wa ya ci wannan makarantar?" Sai ki yi shiru. Kada ki katse shi da nasiha, ko da abin da ya faɗa bai kai ya kawo ba a wurinki. In ya ƙi buɗe baki, ki haɗa shi da kakarsa, wasan jika da kaka yana fito da abin da ke ciki.

Maganar kasuwa kuwa, ina zargin ya ji ana lissafin kuɗin rajista da na APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, a gida, yana ganin ya zama nauyi. Ki gaya masa gaskiya: ga abin da aka biya, ga wanda zai jira ƙarshen wata, kuma neman kuɗin aikinku ne ku iyaye. Ki roƙi babansa ya faɗa masa haka da bakinsa, zai fi shiga.

Ku tsara lokacin allo da na bitar boko tare, kada ɗaya ya cinye ɗaya. Ranar Laraba ana tashi da wuri, ki sa ta zama ranar da zai nuna miki littattafansa. Ko ba ki karanta Faransanci, maki a kan 20 ake bayarwa, kin san 10 ce tsakiya.