Tambayoyinku ga likita: haƙori, jijjiga, kwanika da sauran lamurran reno

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan dukkansu daga iyaye masu renon ƙananan yara suka fito, kuma da yake da yawansu sun yi kama da juna, na zaɓi shida waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Na sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Wata uwa daga Zariya: Likita, ɗana yana da wata bakwai, yau kwana uku ke nan yana gudawa, jikinsa kuma da zafi. Surukata ta ce haƙori ne, in ƙyale shi zai wuce, maƙwabciyata kuma ta ce in sayo masa maganin haƙori a kemis. Maganar wa zan bi?

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Fitar haƙori tana sa dasashi ƙaiƙayi, yaro ya riƙa dalalar da yawu, ya yi ta rigima yana neman abin da zai ciza, amma ba ta kawo gudawa, ba ta kuma kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa iyayenmu suka haɗa su wuri guda shi ne lokacinsu ɗaya ne. Daga wata shida yaro yake fara zama da rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai zai kai baki, a lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa, a lokacin ne kuma kariyar da ya fito da ita daga cikin mahaifiyarsa take raguwa. Ƙwayoyin cuta ne suke shiga cikinsa, haƙorin kawai ya tarar da su ne a hanya.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, saboda haka tun yau ki samo gishirin ORS da ƙwayar zinc, ana samunsu a kowane asibitin sha-ka-tafi da kemis. Ki duba abin da aka rubuta a jikin takardar. Idan ta lita ɗaya ce, ki juye ta duka a cikin ruwa mai tsabta daidai leda biyu ta fiya wata, kada ki raba garin gida biyu don tattali. Duk lokacin da ya yi bayan gida ki ba shi kwata zuwa rabin kofi da cokali, kaɗan-kaɗan, idan ya yi amai ki dakata minti 10 sannan ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Zinc kuwa ƙwaya ɗaya ce mai nauyin miligiram 20 a kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, domin tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage yiwuwar dawowarsa a watannin da ke tafe. Kada ki janye nono, ki ma ƙara yawan ba shi.

Tun da akwai zazzaɓi, kuma an kwana uku, ina so ki kai shi a duba shi yau. Idan kuma kika ga idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya daina fitsari, ko akwai jini a bayan gidan, ko ya kasa kama nono, to ko tsakar dare ne kada a jira wayewar gari. Ba na manta wata yarinya 'yar wata tara da aka kawo mana da asuba, an shafe mata tsakiyar kai da wani baƙin magani saboda an ce ciwon maɗiga ne. Tana kuka ba hawaye, leɓenta ya bushe, na ja fatar cikinta na saki ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ƙarin ruwa muka yi mata, kafin azahar maɗigar ta cika da kanta, kakarta tana tsaye tana kallo. Wadda ta shafa maganin ba ta yi don mugunta ba, ƙaunar jikarta ce ta sa, amma kwana biyun da aka ɓata sun kusa tafiya da yarinyar.

Game da maganin haƙori na kwalba, ban yarda ki saya ba. Tsakanin ƙarshen shekarar 2008 da farkon 2009 wani irinsa mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya hallaka yara fiye da 80 a Najeriya, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC kuma ta kwashe shi daga kasuwa. Ko wanda ba shi da gurɓata ma ba abin da zai yi wa gudawa. Ki wanke hannunki ki murza masa dasashin da yatsa, ya wadatar. Surukarki kuwa kada ki yi jayayya da ita, ki roƙe ta ta raka ki asibiti, domin abin da ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya ya fi shiga kunnenta.

Wani magidanci daga Maraɗi: 'Yata mai shekara biyu ta yi zazzaɓi da dare, sai kawai ta sandare tana jijjiga, idanunta suka juye. Aka sa mata cokali a baki har leɓenta ya fashe, wasu suka ce iska ce. Ta farfaɗo bayan ɗan lokaci. Farfaɗiya ce ta kama ta?

Malam, na san irin tashin hankalin da kuka shiga a daren nan, domin duk uban da ya ga haka zai ɗauka rai ne yake fita. Yawanci wannan jijjigar zazzaɓi ce, wadda ke samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5 idan jiki ya yi zafi, kuma galibi takan tsaya kafin minti biyar ba tare da ta taɓa ƙwaƙwalwa ba. Ba ita ce farfaɗiya ba, kuma mafi yawan yaran da suka yi ta suna girma lafiya lau, sai dai kusan ɗaya cikin uku yakan sake yi idan wani zazzaɓin ya zo, shi ya sa ya kamata kowa a gidan ya san abin yi.

A kwantar da ita a tabarma ta gefe ɗaya don yawu ko amai ya zubo waje, a sassauta mata tufafi, a janye abin da zai ji mata ciwo, wani ya duba agogo. Kada a sa mata komai a baki, cokali ne ko yatsa ko tsumma, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, abin da cokalin yake yi kawai shi ne karya haƙori da fasa baki. Kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo ko mai alhali ba ta cikin hayyacinta, saboda huhu zai wuce. Kada a turara mata hayaƙi, kada kuma a kai ƙafarta kusa da wuta. Na sha ganin yaran da jijjigar ta wuce amma ƙunar ta bar su da tabo na har abada. A yi addu'a, amma a yi ta ana kan hanya.

Abin da ya fi damuna a ƙasashenmu shi ne abin da ya kawo zazzaɓin. Zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo jijjiga, haka ma sanƙarau, musamman a watannin zafi, kuma waɗannan biyun ba sa jira. Don haka duk yaron da ya yi jijjiga a kai shi a yi masa gwajin jini ko da ya tashi yana wasa, kuma idan ta wuce minti biyar, ko ta maimaita a yini ɗaya, ko wuyansa ya sanƙare, ko bai dawo hayyacinsa ba, to a gaggauta. Da damina ma'aikatan lafiya a Nijar da arewacin Najeriya suna bi gida-gida duk wata suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin sauro. Na kwana uku ne: na farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun iyaye yake, kuma nan ne ake yawan sakaci. Ka tabbata 'yarka ta shanye, kuma tana kwana cikin gidan sauro.

Wata mai jego daga Sakkwato: Jaririna yana da wata biyu, ga zafin da ake yi. A asibiti an ce kada in ba shi ruwa, a gida kuma ana cewa zan kashe shi da ƙishirwa.

Barka da arziki, Allah ya raya. Maganar asibiti ita ce daidai, ko da a zafin Afrilu ne na Sakkwato. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda yake fara zubowa idan yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ne yake kashe masa ƙishirwa. Cikin jariri ƙarami ne ƙwarai, idan ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, idan ya rage tsotso nonon ya ragu, ga kuma haɗarin cutar da ke cikin ruwan. Ke ce za ki yawaita shan ruwa, shi kuma ki ba shi nono duk lokacin da ya nema, dare da rana, har ya cika wata shida. Idan yana fitsari sau shida ko fiye a yini kuma fitsarin bai yi duhu ba, nauyinsa yana ƙaruwa a awo, to yana ƙoshi. Zuma kuma a dakata da ita sai ya cika shekara, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba.

Wata uwa daga Gombe: Ɗana yana da wata goma sha uku sai na gane ina da cikin wata uku. An ce nonona ya ɓaci, in yaye shi yau-yau a kai shi wurin kakarsa. Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro.

Ki kwantar da hankalinki, kwanika ba abin kunya ba ce, kuma ciki ba ya mayar da nono guba. Abin da ke faruwa shi ne ɗanɗanonsa yakan canja, yawansa kuma ya ragu idan cikin ya kai tsakiya, har wasu yaran su bari da kansu. Idan cikin lafiyayye ne kina iya ci gaba da shayarwa, sai fa idan kina ganin jini, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ko an ce miki tagwaye ne, to nan sai ki ji shawarar masu yi miki awo.

Yayen dare ɗaya shi ne abin da nake tsoro. Yaron da aka raba da nono da uwa a rana guda yakan ƙi cin abinci, ya kama gudawa, kuma da yawa daga cikin yaran da muke kwantarwa saboda tamowa labarinsu daga nan yake farawa. Idan za ki yaye shi, ki yi a hankali cikin makonni, kina rage na rana kafin na dare, yana kuma tare da ke. Kunun da za a ba shi ya zama mai kauri wanda ba ya tsiyaya daga cokali, a haɗa gero ko dawa da gyaɗa da waken suya, a zuba ɗan manja, a riƙa ba shi wake, dakakken busasshen kifi, miyar zogale, gwanda ko ayaba. Ƙwai ma a ba shi, camfin da ake yi cewa yana koya wa yaro sata ba shi da tushe. Ya ci sau uku zuwa huɗu a yini da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin idan aka haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma biyu sun share kwanon. Idan ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, a kai shi a auna damtsensa. Idan awon ya gaza santimita 11.5 yana buƙatar magani na musamman. Maigida kuma ya sani yanzu mutum uku kike ciyarwa da jikinki, cefane ya nuna haka.

Wata kaka daga Kano: Jikana ɗan shekara ɗaya da rabi ya sha kalanzir da aka zuba a robar lemo. Mun ba shi manja ya yi amai, amma tun jiya yana tari.

Hajiya, a kai shi asibiti yanzu, kada a jira komai. Illar kalanzir ba a ciki take ba, a huhu take, kuma amai ne yake tura shi can, shi ya sa ba a ba da manja ko madara, ba a kuma sa yatsa a maƙogwaro. Tarin nan, musamman idan da saurin numfashi ko zazzaɓi, alama ce cewa ya taɓa huhun. Daga yau kalanzir da fetur da fiya-fiya da magungunan manya su koma sama inda hannu ba ya kai, kuma kada a sake zuba su a robar abin sha.

Wata uwa daga Katsina: Bayan allurar rigakafi ta biyu cinyar 'yata ta kumbura ta yi zazzaɓi, sai babanta ya hana a koma. Yanzu tana da wata bakwai. Lokaci ya wuce?

Bai wuce ba, kuma ba za a sake daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora. Ɗan zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka sani, farasitamol na yara da tsumma mai sanyi sun isa. Allurar cinyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 tana kare yaro daga cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo, wanda ya yi ɓarna sosai a Kano da jihohin da ke kewaye a 2023, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala allurarsu ba. Ki faɗa wa babanta wannan cikin lalama, in da hali ku je tare ya yi tambayoyinsa da kansa. Ki tafi da katinta, ki kuma sa a rubuta miki ranar allurar ƙyanda da ta shawara, waɗanda za a yi mata idan ta cika wata tara.