Kwandishina zai iya maye gurbin shamfu wajen wanke kai?

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Daga Marwa nake rubuto miki. Gashina mai tauri ne, ban taɓa sa masa maganin miƙarwa ba. Duk ranar da na wanke shi da shamfu sai ya bushe ƙayau kamar soso, mataji ba ya shiga, in na matsa ya yi ta karyewa. Wata ƙawata da ke karatu a Ngaundare ta ce in bar shamfu gaba ɗaya, in riƙa wankewa da kwandishina kawai. Wata biyu ke nan ina yi. Da farko gashin ya yi laushi na ji daɗi, amma yanzu kaina ƙaiƙayi yake, in na sosa sai wani farin abu ya cika mini farce. Ina shafa man shanu da basilin, wani lokaci da garin shebe da ake kawowa daga Cadi. In ci gaba ne ko in koma shamfu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya, amma rabinta ta faɗa. Ana wanke kai da kwandishina, ni ma ina yi wa mata a shagona a nan Garwa, kuma gashi irin naki yana jin daɗinsa ƙwarai. Inda aka kuskure shi ne "gaba ɗaya" ɗin nan. Ga mace mai shafa man shanu da basilin, mai yini da kallabi da hijabi a zafin Marwa, barin shamfu har wata biyu ya yi yawa, kuma abin da kike gani a farcenki shi ne shaidar hakan.

Bari in fara da dalilin da shamfu yake busar miki da gashi, don ba laifinki ba ne. Fatar kan kowa tana fitar da maiƙonta. A gashi mai santsi wanda ya miƙe, maiƙon yana gangarowa daga tushe har baki ba wahala. Namu kuwa a nannaɗe yake, kowace lanƙwasa shinge ce, saboda haka maiƙon yakan tsaya kusa da tushe, bakin gashin ya zauna da ƙishi. Sai kuma ga shamfu, wanda aikinsa ke nan ya kama maiƙo ya miƙa wa ruwa ya tafi da shi. Masu ƙarfin cikinsu, waɗanda za ki ga an rubuta sodium lauryl sulfate a bayan robar, ba sa bambance datti da ɗan maiƙon da gashin yake buƙata, duka suke kwashewa. In kika haɗa da iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba mamaki mataji ya ƙi shiga.

Kwandishina, wanda ake rubuta après-shampooing a yawancin robobin da ke kasuwanninmu, an yi shi ne don ya manne wa gashi ya kwantar da ɓawonsa. Akwai ɗan abin wankewa a ciki, amma kaɗan ne, shi ya sa ba ya kumfa. Ki ɗauki misalin wanke-wanke. Kofin da aka sha kunu, in kin cuɗa shi da hannu kin ɗauraye ya fita. Tukunyar da aka soya nama da man shanu fa? Ko kin yini kina zuba mata ruwa, sai kin kawo sabulu. Gumi da ƙurar hanya su ne kofin kunu, kwandishina yana iya musu. Basilin da man shanu da man da ake kwaɓa shebe da shi su ne tukunyar suya. Basilin ma ya fi taurin kai, domin daga man fetur ake samo shi, ruwa ba ya narkar da shi ko kaɗan. Duk wankin da kika yi cikin wata biyun nan, sabon shafi kika ɗora a kan tsoho.

Kwanaki an kawo mini wata amarya tsifa da wankin kai, saura kwana uku a sa ta a lalle. Gashinta daga waje gwanin sha'awa, baƙi wuluk yana sheƙi. Da na tsaga da tsinken kitso na kankara tushen a hankali, sai ga wani abu toka-toka mai danƙo yana naɗowa a bakin tsinken kamar ƙullun da ya kwana, fatar ƙarƙashi kuma ta yi ja. Ita ma ta daɗe ba ta kusanci shamfu ba. Sau biyu na wanke kafin kumfa ta tashi. Da muka gama ta dafa kanta ta ce ji take kamar an sauke mata tulu.

Ƙaiƙayin naki yana iya zama wannan taruwar ce kawai, yana kuma iya zama amosari ya samu wurin zama. Akwai wani ɗan naman gwari da ido ba ya gani, likitoci suna ce masa Malassezia, yana kan fatar kowa, abincinsa maiƙo. Kai mai maiƙo, a rufe, cikin zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, gida ne ya samu. Ga yadda za ki gane: ki wanke da shamfu sosai, ki sake bayan mako guda, ki daina kai mai kan fatar. In ƙaiƙayin ya tafi, datti ne. In ya dawo cikin kwana biyu ko uku da farin gari yana zuba a kafaɗa, ki je kantin magani ki nemi shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100. Ana wankewa da shi sau biyu a mako na tsawon mako biyu zuwa huɗu, a bar kumfar minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye. In kuwa akwai ƙuraje, ko ruwa yana fita, ko gashi yana zubewa wuri guda ya bar fili, wannan ya wuce hannun mai kitso, asibiti za ki.

Abin da yake ba ni sha'awa a wannan sabon yayi shi ne ba sabo ba ne a wurinmu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, karkashi take jiƙawa a ƙwarya da ruwan ɗumi, in ya saki yauƙi ta tace ta wanke mana kai. Fulani maƙwabtanmu gubuɗo suke ce masa, a Cadi kuma busasshen ganyen da mata suke wanke kai da shi ana kiransa ambunu, yau har ƙasashen waje ake aika shi a leda. Aikinsu ɗaya da kwandishina: santsi, warware cuɗewa, wanki marar kumfa. Amma ban manta ba, ranar babbar tsifa sabulu take fara sa mana, karkashin ya biyo baya. Tsofaffin nan sun san kowanne da ranarsa. Sai dai ba zan ce ki koma sabulun wanki ba, yana da kaifi irin na kanwa, fatar kai kuma ɗan tsami-tsami take so. A unguwannin da ruwan burtsatse yake da nauyi har sabulu ba ya kumfa, yakan bar wani farin datti a gashi ya ƙara masa tauri.

To ga abin da nake so ki yi. Wannan makon ki tsefe, ki raba gashin gida huɗu, ki tsarma shamfu da ruwa a kofi, ki zuba a fatar kai kawai. Kada ki tattara gashin ki yi ta cuɗa shi kamar wanki, kumfar da ta gangaro ta ishe shi. In kin sami wanda aka rubuta sans sulfate, wato marar sinadarin nan mai ƙarfi, ya fi sauƙi ga gashinki, amma wankin farkon nan ki yi da mai ƙarfin, don akwai aiki a gabansa. Ki bi da kwandishina, ki taje da babban mataji tun yana jiƙe, daga baki zuwa tushe.

Daga nan shamfu duk mako ɗaya ko biyu, gwargwadon yawan man da kike shafawa da gumin da kike yi. A tsakani, duk ranar da kika ji kan ya yi gumi ko ƙura, ko kin jiƙa shi don wanka, nan ne wurin wankin kwandishina. Tunda ba kumfar da za ta yi miki aiki, hannunki ne sabulun: ki murza fatar da tafin yatsu, ban da farce, kamar minti huɗu, ki ɗauraye fiye da yadda kika saba, har ki ji santsin ya bar tushen. Ki zaɓi kwandishina marar nauyi, ki duba bayan robar, in kin ga dimethicone a farkon jerin ki ajiye shi don ranar shamfu, domin shi ma taruwa yake. Kuma kada ki yi wannan wankin da ƙananan kitso ko ƙarin gashi a kai. Ba ya ɗauruwa, yana maƙalewa a gindin kitson ya yi wari.

Man shanu da shebe ban hana ki ba. A jikin gashin za ki shafa, ki bar kamar faɗin yatsa biyu daga tushe, kuma ki san duk makon da kika sa shebe, wankin da zai biyo baya na shamfu ne. Basilin kam ki bar wa ƙafa da leɓe a hunturu. In kin wanke, ki bari kan ya bushe sarai kafin ki ɗaura kallabi, ko da za ki zauna a inuwar tsakar gida rabin awa. Bayan mako uku ki sake rubuto mini yadda ƙaiƙayin ya yi.