Amsa ga Malamar da ɗalibanta ke kakarewa a lissafin rashin daidaito

Wa alaikumus salam Malama. Wallahi kin taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kin ce yaranki 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suna warware 3x + 2 < 14 ba gargada, amma da zarar tambaya ta zo cikin labari sai su yi tsuru-tsuru, wasu ma su dangwala alamar daidai su wuce, alhali lissafin rashin daidaito alamar "ya fi" ko "bai kai ba" yake nema. 'Yar'uwa, na sha wannan wahalar har na gode Allah, kuma ina gaya miki yaranki ba daƙiƙai ba ne.

Yaron da aka haifa a unguwannin Legas irin su Agege ko Idi-Araba ya san "kada ka wuce kaza" tun kafin ya san alli. Uwarsa ta ba shi kuɗi ta ce ya sayo tumatir a kasuwar Mile 12, kada ya taɓa kuɗin mota. Ai lissafin ke nan. Turancin tambayar ne yake tare masa hanya. Shi ya sa ni nake hana su ɗaukar biro tukuna. Sai yaro ya ba ni labarin da bakinsa, da Hausa ko Yarabanci ko Turancin buroka, duk wanda ya zo masa, sannan mu nemi alama.

Kan wannan ne na ga wulaƙancin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a lokacin. Akwai wata yarinya, iyayenta ba su daɗe da dawowa daga Arewa ba, ga ƙwaƙwalwa amma Turanci bai zauna mata ba. Na duƙa a gaban bencinta ina yi mata bayani da Hausa a hankali, har ta fara gyaɗa kai, ta rubuta alamar da kanta. Sai ga mai makarantar a bakin taga. Bai yi sallama ba, bai kira ni gefe ba. A gaban yara ya ɗaga murya, wai iyaye ba su biya kuɗi don a mayar masa da makaranta kasuwar shanu ba. Ya fizgi littafin yarinyar ya jefa kan tebur, bai ko duba ba, alhali amsarta daidai take. Ajin ya yi tsit, yarinya ta kifa kai tana kuka. Ƙarshen wata kuma ya zaftare mini albashi, albashin da dama ko kuɗin haya ba ya isa. Abin da ya fi ci mini rai, daga ranar yarinyar nan ba ta sake ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare. Mutumin da bai taɓa riƙe alli ba, shi zai koya mini aikina! Allah ya isa tsakanina da shi a kan yarinyar nan.

To, bari in koma kan tambayarki. Ki ba su wannan: yaro yana da naira 2,000, kuɗin mota zuwa da dawowa 600, biro ɗaya 150, guda nawa zai iya saya? Kada ki rubuta komai. Ki tambaye su, biyar zai yiwu? Goma fa? Za ki ji suna gardama, su da kansu za su gano goma ta yi yawa, domin 1,500 da 600 sun haura 2,000. Sai a lokacin ki rubuta 150x + 600 ≤ 2,000, inda x yake adadin biro, alamar ≤ kuma tana nufin kada ya wuce. Amsa za ta fito 9.33, su kuma su ce miki tara, don ba a sayar da gutsuren biro. Washegari ki juya musu: ɗalibai 50 za su tafi ziyara, a ce kowace motar haya ta danfo tana ɗaukar 14, aƙalla mota nawa? 14x ≥ 50 (alamar ≥ tana nufin aƙalla), wato 3.57, ke nan sai mota huɗu. Wanda ya ce uku, ki tambaye shi su wa za a bari a tasha, tunda uku 42 kawai za su kwasa. Can an sauko, nan an hau, kuma labarin ne ya yanke hukunci.

Ni dai ban yarda da jerin kalmomin nan da ake liƙawa a bango a ce su haddace ba. Yaro yana ganin kalmar Turancin da ke nufin aƙalla, wato "at least", sai ya ji kamar ƙanƙanta ake nufi, ya sa alamar ≤ maimakon ≥. Shekarun zaɓe nake kawo musu. Sai ka kai 18 za a yi maka katin zaɓe. Mai 18 cif yana ciki? Yana ciki. Mai 60 fa? Yana ciki. Mai 17? A'a. Mu zana layin lamba, mu cike ɗigon da ke kan 18, kibiya ta nufi dama.

Juyawar alama idan an ninka ko an raba da lamba mai ragi (wadda take ƙasa da sifili) kuwa, bashi ne maganinta. 2 ba ta kai 5 ba, amma wanda ake bi 2,000 ya fi wanda ake bi 5,000 kwanciyar hankali, wato -2 ta fi -5. Kada ki haɗa wannan da labarai a mako ɗaya, kansu zai ɗaure.

Kuma don Allah iyayenmu na Legas, ku daina cewa Hausa a gida ce ke hana yaro karatu. Ku aike shi, ku sa ya lissafa muku canji. Malama, in kina so ki yi mini magana ta gefe, zan turo miki hoton tambayoyin da na tara na zangon nan, akwai na kuɗin data da na lodin buhunan albasa, yarana sun fi son waɗannan biyun. Allah ya dafa miki.