Wuri ɗaya a rana ya ishe su

Kana tambaya ko za ka iya zagayawa da Hajiya da Baba cikin Legas jibi, alhali Hajiya na kan keken guragu, Baba kuma ciwon gwiwa. Za a iya, amma wuri ɗaya a rana, kuma ka ɗauki shatar mota tun daga Agege, kar ma ka fara tunanin danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas.

Ni da na kai kakata, ba tafiyar ce ta gajiyar da ita ba, zaman goslo ne a gadar Third Mainland, ƙafafunta duk suka kumbura, ga fitsari ya matsa babu wajen tsayawa. Ku fita da safiyar Lahadi hanya a sake take. Wurin shaƙatawa na Freedom Park da ke Broad Street fili ne, akwai wajen zama. Gadar ƙafa ta saman bishiyoyi da ke gandun Lekki Conservation kuwa a bar wa matasa.