A Gyara Kafuretar Ko A Sayo Sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar a-kori-kura, Toyota Hilux mai inji 22R, wadda na gada a wurin mahaifina. Kwanan nan ta fara shan mai fiye da kima, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, kuma ba ta tsayawa a silo sai na riƙe totur. Bakanike ɗaya ya ce a kwance kafureta a gyara, ɗayan ya ce ta gama yayi, in sayo sabuwa. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ɗauki maganar kowa, tambaye su ko akwai wanda ya duba fulogi, filtar iska, taimin, da ƙananan tiyon iska da ke kewaye da injin. Sau da yawa a kan bar jaki a daki taiki: wuta ce ba ta isa, ko filta ta toshe, amma da yake kafureta ce zaune a saman inji kowa na ganinta, ita ake kamawa. Wanda ya sayi sabuwa alhali taimin ne ya goce, zai koma gida da ciwon da ya zo da shi.

In an tabbatar ita ce, to ka san aikinta guda ne, gauraya iska da fetur, kusan awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai idan aka auna da nauyi. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya rinjayi iska. Abubuwan da ke jawo haka kuwa yawancinsu ƙanana ne. Fulot ɗin da ke yawo a kan mai cikin kwanon kafureta kan huje ko ya jiƙe ya nutse, allurar da ke toshe hanyar mai kan cinye, cok, faifan da ke rage iska lokacin tashin inji mai sanyi, kan maƙale a rufe. Kafuretar Aisan da Toyota ta ɗora wa 22R tana da ɗan gilashi a jikinta. Ka leƙa inji na aiki: mai ya kamata ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ya haura, fulot ne ko allura. Tana kuma da wani ƙaramin famfo na taimako da ke ƙara mai lokacin da inji ke da sanyi. Robarsa kan yage, sai inji ya riƙa zuƙar ɗanyen fetur ta tiyon iska. Zare tiyon ka duba. In ka same shi jiƙe da fetur, ka kama ɓarawonka, kuma roba ɗaya ce za a canza.

Duk waɗannan gyara ne, ba su kai a sayi sabuwa ba. Kunshin kayan gyara yana zuwa da gasket, allura da mazauninta, da robar famfon totur. Fulot galibi daban ake sayensa, kada ka manta da shi. Kuma da lambar da ke jikin kafuretar ake sayen kunshin, domin mota ɗaya kan zo da kafureta iri-iri gwargwadon shekara da ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Abin da zai raba gardamar bakanikawan nan biyu shi ne gangar jikin kafuretar. Kashe inji, ka kama sandar totur, wadda faifan buɗe iska ke juyawa a kanta, ka girgiza ta sama da ƙasa. Shekara talatin ko arba'in tana juyi a rami ɗaya, ramin kan faɗaɗa. In tana kaɗawa sosai, iska na satar hanya ta nan, silo ba zai taɓa daidaita ba ko an sa gasket ɗari. Ana iya kai ta wurin mai injin yankan ƙarfe ya sa mata zoben tagulla, aiki ne mai kyau in an samu gwani. Sai ka duba gindinta ko ya lanƙwashe saboda ɗaurin ƙusa fiye da kima, ko akwai tsaga, ko zaren ƙusoshi ya ci, ko ruwa ya kwana a kwanon har ƙarfen ya fara zubar da farin gari. In ka ga biyu daga cikin waɗannan, bakanike na biyu ya fi gaskiya.

In jikin lafiya yake, ni dai gyara zan yi. Ta asali an auna jet-jet ɗinta, wato ƙananan ramukan da mai ke bi, daidai da wannan injin. Sababbin da ba su da sunan kamfani, masu ƙyalli a kwali, kamar caca suke: wata ta yi aiki, wata ta zo da jet ɗin da bai dace ba da bakin tiyo da ba ka san inda zai shiga ba. Sharaɗi ɗaya, ka tsaya a kan mai gyaran. Kada ya zura waya cikin jet, domin tagulla ce mai laushi, ramin na ƙara faɗi shan mai ya ƙaru har abada. Ruwan wankin kafureta da iska mai ƙarfi sun isa. Ka kuma ɗauki hoton tiyo-tiyon da wayarka kafin a cire ko ɗaya, za ka gode mini ranar haɗawa.

Ko ka sayi sabuwa, kada ka bar tsohuwar a garejin. Ajiye ta.

Tambaya: Malam, abokina ya ce in cire ta asali in ɗora Weber, ko wata babba, motar za ta ƙara ƙarfi. Haka ne?

Amsa: Rabin gaskiya ya faɗa maka. Weber 32/36 sananniya ce a kan tsofaffin Toyota da Datsun. Lambobin faɗin maƙogwaronta biyu ne a milimita, ƙaramin ke aiki kullum, babban sai an taka sosai yake buɗewa. Tana da sauƙin saiti, kuma wanda tasa ta mutu murus zai ji kamar an canza masa mota. Amma wannan bambanci ne tsakanin matacciya da lafiyayya. In taka lafiya take, ƙarin kaɗan ne. Tana buƙatar faranti na haɗi, sau da yawa da na'urar rage matsin mai, don kusan psi 3 take so (psi ma'aunin matsi ne), in ya wuce sai ta yi ambaliya. Jabunta ma sun cika kasuwa. A wuraren da ake gwajin hayaƙi da tsanani, irin jihar Kalifoniya ta Amurka, canjin zai iya hana motar cin jarrabawa.

Batun babba kuwa, manta da shi. Gudun iska a maƙogwaro ke zuƙo mai. Ka faɗaɗa maƙogwaron fiye da abin da inji zai iya shaƙa, iska ta yi sanyin gudu, motar ta riƙa shaƙewa daidai lokacin da ka ɗauko kaya kana son tashi.

Tambaya: An gyara wa motar gonarmu kafureta, ta yi mako biyu lafiya, ciwon ya dawo. Mai gidana ya ce an cuce mu. Motar takan yi wata uku ba a tashe ta ba.

Amsa: Hajiya, a yi wa bakaniken uzuri tukuna. Ina zargin tanki. Motar da ke daɗewa a ajiye, raɓa kan taru a tankinta ya yi tsatsa, tsatsar kuma ta bi mai ta sake toshe abin da aka wanke. Fetur da ya kwana watanni yana barin danƙo a jet, wanda aka gauraya da etanol kashi 10 cikin ɗari kuma yana jan danshi, yana cin tsofaffin robobi. A cire filtar mai a zazzage ta a kan farin ƙyalle. In jan gari ya fito, sai a sauke tanki a wanke, a canza filta da tiyon mai, sannan a sake busa kafuretar. Ko da sabuwa kuka saya, mako biyun za ta yi. Daga nan a riƙa tashin motar duk mako ko biyu, a bar ta ta yi zafi sosai kafin a kashe.