Tambaya da Amsa: Jadawalin sinadarai da yadda suke haɗuwa

Tambaya daga wata ɗalibar lise, unguwar Birni, Damagaram: Malam, jadawalin Mendeleyev na da sinadarai 118, kuma haddarsu ta gagare ni. Sannan me ya sa ake rubuta gishiri NaCl, amma na kalsiyom CaCl2? Daga ina 2 ɗin ta fito?

Amsa: Ƴata, ki daina wahalar da kanki da 118. Ki riƙe guda 20 na farko da lambobinsu, sauran aikin jadawalin ne zai yi miki. Da Mendeleyev, masanin sinadarai ɗan Rasha, ya fitar da shi a 1869, bisa nauyi ya jera sinadaran, ya tara masu hali iri ɗaya a layi guda, har ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba tukuna. A 1875 aka gano galiyom, ya shiga ɗaya daga cikin guraben. Yau da yawan furoton ake jera su, a layukan kwance 7 da rukunan tsaye 18. Furoton ƙananan ƙwayoyi ne masu caji (+) da ke tsakiyar atom, wato ƙwayar sinadari mafi ƙanƙanta.

Ki ɗauki lambar sinadarin, wato lambar atom, yawan furoton ɗinsa ke nan; ita ce kuma yawan elektron ɗinsa, ƙwayoyi masu caji (-) da ke kewaye tsakiyar atom. Ki raba su zagaye-zagaye: na farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, na uku 8. Sodiyom mai lamba 11 zai ba ki 2, 8, 1. Kulorin mai 17 zai ba ki 2, 8, 7. Kalsiyom mai 20 kuwa 2, 8, 8, 2. Lambar ƙarshen nan ita ce ke yanke halin sinadari. Ƴan rukuni na 1 elektron guda ɗaya kowannensu ke da shi a zagayen waje, na rukuni na 2 biyu, daga rukuni na 13 zuwa 18 kuma ki cire goma daga lambar rukunin. Heliyom ne kaɗai ya saɓa, biyu gare shi.

Kowane atom yana neman zagayensa na waje ya cika, kamar na neyon da argon, waɗanda da wuya su haɗu da wani abu. Sodiyom ya fi sauƙin rabuwa da ɗayansa a kan ya nemo bakwai, kulorin kuma ɗaya ya rage masa ya cika takwas. Sai wannan ya bayar, wancan ya karɓa, su zama Na+ da Cl-, cajinsu ya jawo juna. Kalsiyom biyu zai bayar, alhali kulorin ɗaya ba ya karɓar fiye da guda, don haka sai an samo kulorin biyu. Ga inda 2 ɗinki ta fito. Ki gwada da alminiyom, 2, 8, 3, da oksijin, 2, 6: alminiyom biyu na bayar da shida, oksijin uku na karɓar shida, sai ki rubuta Al2O3. Wannan ne siririn rufin da ke kare tukunyar alminiyom, kuma kanwa na cin sa, shi ya sa cikin tukunyar da ake yawan dafa wake da kanwa yakan dushe.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne ɗaukar lambar nauyi a madadin lambar atom, su raba 23 ga sodiyom maimakon 11. Kuma kada ki kai ƙa'idar 2, 8, 8 gaba da kalsiyom. Baƙin ƙarfe mai lamba 26 ba ya bin ta, wani lokaci biyu yake bayarwa, wani lokaci uku.

Tambaya daga wani mai gyaran rediyo, kasuwar Dole: Me ya sa ruwan gishiri ke ɗaukar wuta, ruwan sukari bai ɗauka, ga shi duka biyun narkewa suke?

Amsa: Malam, ɗaurin da ke haɗa atom da atom ne ya bambanta. Ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba, kamar sodiyom da kulorin, bayarwa da karɓa suke yi. Idan gishiri ya narke, Na+ da Cl- sai su rabu su yi ta yawo cikin ruwa, su ne ke ɗaukar wutar. Sukari kuwa karbon ne da haidurojin da oksijin, babu ƙarfe ko ɗaya, sai suka yi tarayya a elektron, kowa na riƙe da gefe. Yana narkewa a dunƙule, ba caji. Gas ɗin girki, C4H10, irin ɗaurin nan ne da shi, kuma ƙwayoyinsa ba sa kama juna da ƙarfi, shi ya sa yake iska a zafin ɗaki, gishiri kuwa sai ya kai digiri 801 yake narkewa a wuta.

In za ka gwada, haɗa batir mai volt 9 da ƙaramin ƙwan LED da rezistans ɗinsa, ka yanke waya ɗaya, ka tsoma bakunan biyu cikin rabin kofin ruwa, tazarar santimita 2. Zuba ƙaramin cokali na gishiri, ƙwan zai kama. Sake da sukari a wani kofin mai tsabta. Amma da tataccen ruwa za ka yi, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ba. Ruwan rijiya da na famfo suna da nasu gishirin, za su ɗan haska ƙwan ka zaci sukarin ne. Kada ka kuskura ka yi da wutar gida mai volt 220.

Tambaya daga wata uwargida, Zango: An ce in an gauraya javel da asid ɗin wanke bayi sun fi fitar da datti.

Amsa: Hajiya, kada ki gwada. A cikin javel, wato ruwan bilic, kulorin a ɗaure yake da oksijin da sodiyom. Asid na sako shi ya fito a matsayin iska mai shaƙewa, mai ƙona ido da huhu, balle a ɗan bayi marar taga. Haka ma ruwan tsami na binegar. In an riga an gauraya, ki fita nan take, ki bar ƙofa a buɗe, wanda tari ko ƙuncin numfashi ya kama a kai shi asibiti.